Kankanar da Ta Sa Hular 'Yata

Mota ta nuna mini abubuwa iri-iri tun ranar da na fara riƙe sitiyari, wasu na dariya, wasu na takaici, yawancinsu kuma sun riga sun bi ruwa. Amma ranar da muka sa wa kankana hula a bayan wani gareji da ke bakin hanyar Ɗambatta, wannan kam ko na tsufa har na fara manta inda na ajiye carbina, ba na jin za ta fita daga kaina. Abin da ya taso da maganar, kwanan baya 'yata ce ta tsare ni a zaure, wai sai na gaya mata dalilin da ya sa abokaina suke ce mata Kankana, alhali ga sunanta mai daɗi da aka raɗa mata. Na ce labarin da tsawo. Ta gyara zama ta ce ai ba inda za ta.

Sai na fara mata da halina, don shi ne tushen abin. Ni mutum ne mai tone-tone. Tun ina yaro babu rediyon da ya shigo gidanmu ya kwana lafiya, sai na kwance shi na nemi mai maganar da ke ciki. A ƙauyenmu da ke gefen Makoda na girma, ina noma, da rani kuma in saro gyaɗa da gero in kai kasuwar Ɗambatta. Na daɗe ina wannan fatauci a kan babur kafin Allah ya hore mini 'yar mota, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano bayan Turawa sun more su. Ranar da ta zo hannuna ban kai ta gida ba sai da na biya wurin mai ɗinkin kujeru, kamar yadda kowa yake yi. Ya ɗinka mata riga mai kauri ruwan ƙasa, ya lulluɓe kujerar baya ruf, mazauni da majingina a haɗe, ya cusa bel ɗin baya can ƙasa ya ɗinke a kai. Ya ce ba mai ɗaura bel a baya, ɓata kwalliya kawai yake yi. Na duba na ga aiki ya yi kyau, na sa masa albarka.

Matata 'yar kawuna ce, tare muka taso, shi ya sa har yau Yaya take ce mini. A bazarar da abin ya faru tana da tsohon ciki, jininta kuma yana hawa, har likita ya ce ta koma yin awo a Kano. Yarinyar nan da ta tsare ni da tambaya, a lokacin ba ta cika shekara biyu ba, ga ƙiriniya kamar an jiƙa an ba ta. Mahaifiyata ta tsufa, ba za ta iya da ita ba, dole duk tafiya da ita za a yi. Cinyar uwarta kuwa ciki ya riga ya cinye. Saboda haka a tsaye take tafiya, tsakanin kujerun gaba, tana riƙe da kafaɗata tana nuna mini shanu.

Wata rana muna dawowa, wani ɗan acaɓa ya faɗo mini ba zato, na taka birki. Yarinya ta tafi gaba ta daki bakinta a kan giya, leɓe ya fashe. Uwarta ta kai hannu da ƙarfi za ta cafke ta, cikinta ya amsa, muka ƙarasa gida ɗaya tana kuka ɗaya tana cije baki. Da ƙanwata da ke aure a Kano ta ji labari, ta yi mini faɗa son ranta a waya, kamar ba ni ne na goye ta ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙo a motar haya: kujerar yara ce ta mota, ta samo a gwanjo.

Na zauna a tsakar gida ina jujjuya abin nan. Wurin zaman na gane, maɗauran da ake sa wa yaro a kafaɗa da cinya su ma na gane. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. A ƙasanta ta baya akwai wasu hannuwa biyu na ƙarfe da suka miƙo, kowanne da baki kamar na filaya. A samanta kuma akwai wata doguwar igiya irin ta bel mai ƙugiya a ƙarshe, wadda nan take matata ta sa mata suna wutsiya. Ba takardar bayani, sai wani ɗan hoto a gefe da ya koɗe, rubutunsa ma ba Turancin da muka sani ba ne. Ga shi washegari ranar awo ce. Na ɗauki kujera na jefa a mota na nufi gareji, don na san ranar kasuwa ce, majalisa ta cika.

Wannan gareji ba wani gini ba ne, inuwar darbejiya ce da benci da tarin tsofaffin tayoyi. Mai shi Injiniya muke ce masa, mutum ne mai hannu, idan ya kasa kunne ya ji kukan inji zai gaya maka ciwonta. Masu motocin yankinmu nan muke taruwa, mai gyara da marar gyara. Ranar na tarar da Alhaji mai taki, wanda ya girme mu duka kuma ya riga kowa sayen mota, da Hedimasta, tsohon shugaban firamare da ya yi ritaya, wanda motarsa ta fi sanin gareji fiye da ƙofar gidansa. Musu suke yi a kan lagireton Alhaji da ke yoyo. Alhaji ya dage a fasa ɗanyen ƙwai a zuba, ya ce ya sha yi kuma yana toshewa. Hedimasta ya ce in dai haka ne a ƙara albasa da mai a kira mai shayi. Daga nan aka koma kan shokozobar Hedimasta, wadda ya ce idan ya faɗa rami har haƙoransa suke gaisawa.

Akwai wata kalma ta Injiniya da duk mai mota a yankinmu ya haddace. Duk abin da ya tarar a cikin motar Kwatano bai ga amfaninsa ba, sai ya ce, "Wannan na ƙasar sanyi ne," ya cire ya jefa a wani tsohon bokiti. Wani ɗan ƙarfe da ke hanyar ruwan inji, na ƙasar sanyi ne. Wata waya da ke sa mota ƙara idan ba ka ɗaura bel ba, na ƙasar sanyi ne. Mu ma duk mun ɗauka, har ta fita daga gareji ta shiga gari. Idan aka kawo wa mutum shawarar da ba ta yi masa ba, sai ka ji ya ce ta ƙasar sanyi ce. Kuma gaskiya motocin suna tafiya bayan an cire, shi ya sa ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya.

Da na sauke kujerar a gabansu, aka manta da lagireto. Kowa ya taso yana taɓawa. Hedimasta ya sa tabarau ya duba hannuwan ƙarfen nan, ya ce a ganinsa na jirgin sama ne, a can ake maƙala su. Alhaji ya ce ina, ƙafafu ne, idan an je gida a kafa ta a ƙasa yaro ya ci abinci. Muka gwada kafa ta a ƙasa, ta kife. Wutsiyar kuwa, an yi ittifaƙi cewa ta ratayewa ce a ƙusa idan an gama amfani. Injiniya ya goge hannu a tsumma, ya zo ya leƙa, mu duka muna jiran abin da muka san zai faɗa. Bai ba mu kunya ba, ya ce na ƙasar sanyi ne. Ya ƙara da cewa in kai wa mai walda ya yanke hannuwan ƙarfen, in ba haka ba za su huda mini sabuwar rigar kujera.

Nan ne na ƙi. Ni ina kwance abu, amma ba na yankewa, don abin da aka kwance ana iya mayar da shi. Ina cikin lalube sai na ci karo da wani maɓalli, na danna, hannuwan suka shige ciki suka ɓuya. Aka ce to shi ke nan, magana ta ƙare, saura ɗauri. Bel ɗin baya yana ƙarƙashin ɗinki, ba wanda ma ya tuna da shi. Alhaji ya buɗe but ɗin motarsa ya zaro roba, irin wadda ake yankowa daga tsohon tub na taya, baƙa, doguwa, mai faɗi.

Wanda bai yi fatauci a babur ba ba zai san matsayin roba a wurinmu ba. Da ita muke ɗaure buhu, da ita muke ɗaure rago, na taɓa ganin an ɗauko ƙofar ƙarfe da ita tun daga Kano har Makoda. Igiya tana kwancewa, tana tsinkewa, roba kuwa ƙara kamawa take yi. Alhaji ya ce tun yana saurayi bai taɓa zubar da kaya a hanya ba, kuma ba da komai yake ɗauri ba sai ita. Shi da Injiniya suka ɗora kujerar a baya, suka zagayo da robar ta cikin but, suka ja har jijiyoyin wuyansu suka fito, suka ƙulle. Injiniya ya kama kujerar da hannu biyu ya girgiza, motar gaba ɗaya ta girgiza, kujera ko gezau. Alhaji ya kakkaɓe hannu ya ce ko jikansa ne zai sa a ciki ya yi barci.

Ni ma na girgiza na ji ta daram. Amma wani abu ya riƙa yi mini susa a ka. Na tuna lokacin babur, duk sanda na taka birki da ƙarfi, buhun da ke bayana yakan zo ya dafa mini baya, sannan ya koma mazauninsa. Bai taɓa faɗuwa ba, amma yana zuwa. Ban taɓa damuwa ba, don buhun gero ba ya jin ciwo. Na tambayi Alhaji, to idan robar ta miƙe fa? Ya ce ai miƙewar ce ƙarfinta, abin da ba ya miƙewa shi ke tsinkewa. Na ce haka ne, amma ina so in san iya inda take kaiwa kafin ta dawo.

Wannan tambaya ta yi wa Hedimasta daɗi, malantarsa ta motsa. Ya ce musu ba zai raba mu ba, a gwada. Ana neman abin da za a zaunar a kujerar sai ga mai kankana ya turo baro zai shiga kasuwa. Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan, har na sami doguwa wadda nauyinta ya yi kusa da na yarinyar a hannuna. Muka zaunar da ita, muka ja mata maɗauran kafaɗa da na cinya tsaf. A kan kujerar gaba akwai hular 'yata da ta bari, hular saƙa ruwan ɗorawa da uwarta ta saƙa da hannunta. Alhaji ya ɗauka ya kifa wa kankanar, ya gyara mata ita gefe guda, ya rusuna ya ce, "Hajiya, a sauka lafiya." Muka yi ta dariya, har mai kankana ya ajiye baronsa ya ce shi ma sai ya ga ƙarshen wannan abu.

A bayan garejin akwai fili inda ake koyon mota. Na shiga na tayar, Hedimasta ya zauna a gefena ya juya baya gaba ɗaya don ya zama shaida. Alhaji ya tsaya can nesa, aka yi da shi idan ya ɗaga hularsa in taka birki kamar akuya ce ta gitta. Ba wani gudu na yi ba, wallahi bai kai wanda nake yi a kan titin Kano ba ko kusa. Alhaji ya ɗaga hula, na taka.

Abin da na ji ƙara biyu ne a jere, ɗaya a bayan kujerata har na ji ta a ƙashin bayana, ɗaya kuma can baya. Na waiwaya. Kujerar yaran tana nan zaune daidai inda aka ɗaure ta, roba a ɗame, ba abin da ya kwance. Har na buɗe baki zan ce Alhaji ya yi gaskiya, sai na ga fuskar Hedimasta. Tabaransa ya zamo kan hanci bai gyara ba. Daga baya ya ba mu labarin abin da ya gani: kujerar ta taso gaba ɗaya, ta duƙo ta daki ƙarfen da ke bayan kujerar direba, sannan roba ta fizge ta ta mayar da ita ta buga da majingina. Ya ce duk abin bai kai ƙiftawar ido ba.

Su Alhaji suka ƙaraso suna dariya tun daga nesa, Injiniya ya buɗe ƙofar baya. Kankanar tana nan cikin maɗauranta, amma samanta ya dare. Jan ruwa yana bin maɗauran kafaɗa yana ɗiga a kan rigar kujera, hular nan ruwan ɗorawa ta nutse cikin tsagar ta jiƙe jawur. Na sha ganin fasasshiyar kankana, wa bai gani ba? Amma ban taɓa ganin ta da hular 'yata ba. Na zauna a bakin ƙofar mota.

Alhaji ne ya fara magana, a hankali, kamar da kansa yake yi. "Kuma fa robar ba ta tsinke ba." Hedimasta ya ce abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, da ba kankana muka sa ba, da mun duba mun ga ɗauri lafiya lau, mun tafi muna yabonsa. Alhaji ya so ya ce ko kankanar ce ta nuna da yawa, ya faro maganar, ya dubi hular, ya bar ta a nan. A garejin nan idan kankana ta fashe, kafin ka juya an cinye har ɓawo an ƙwaƙule. Wannan ba wanda ya miƙa hannu. Injiniya ya ɗauke ta ya kai bayan tayoyi ya ajiye wa awaki.

Na kwance robar na mayar wa Alhaji, na matse hular na cusa a aljihu, na kama hanyar gida. Niyyata in wanke ta a ɓoye, don mai hawan jini ba a kawo mata irin wannan labari. Ina shiga ta dubi aljihuna ta ce me ya yi ja haka. Na yi 'yan kame-kame, ta miƙo hannu, na ba ta. Dole na faɗi komai. Ta zauna a bakin tabarma ta dafe ciki, tana kallon yarinyar da ke bin kaji a tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, ni dai na so ma ta yi. Can sai ta ce in shigo mata da kujerar.

Na danna maɓalli, hannuwan ƙarfen suka fito. Ta daɗe tana kallonsu, ta auna tsakaninsu da hannu, irin awon masu saƙa. Sannan ta ce, "Yaya, ranar da ka fara kawo motar nan ka nuna wa su Baba, kafin a gama ɗinkin baya, ɗan kunnena ya faɗa tsagar kujera. Da na zura hannu na ji wasu ƙarafa a ciki, har ɗaya ya kankare mini yatsa. Na ɗauka wani abu ne ya karye." Na tuna kuwa, mai ɗinkin ya fara gama na gaba, na baya sai da na koma. Na ce ƙarafa nawa ta ji. Ta ce biyu ta taɓa, kuma tazararsu kamar wannan ce.

Ba ta jira ni ba, ta ɗauko reza. Ina tsaye ina kallo ta farke ɗinkin nan da nake taƙama da shi, zare bayan zare, raina yana cewa a yi a hankali, bakina bai isa ya faɗa ba. Da rigar ta buɗe, bel ya fara fitowa, a naɗe, sabo fil kamar ba a taɓa ja ba. Na zura hannu cikin tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina, na ji su: kunnuwa biyu na ƙarfe, kafaffu a jikin motar kanta, ba a jikin katifar kujera ba. Na ƙara lalubawa, yatsuna suka kamo wani tsumma, na zaro. Safa ce ta ƙaramin yaro, ƙafa ɗaya, shuɗiya, mai hoton agwagwa, duk ta yi dauɗa. Ba tamu ba ce, ba mu taɓa sayen irinta ba. Tun daga can ƙasar da motar ta fito take maƙale a wurin.

Matata ta karɓa ta shimfiɗa ta a tafin hannunta. Ta ce, "Ashe a ƙasar sanyin ma 'ya'ya suke haifa."

Na ɗora kujerar, na saita hannuwan da kunnuwan nan, na tura. Na ji ƙas, na ji ƙas. Wata 'yar alama a gefe da take ja ta koma kore. Na ja da iya ƙarfina, sai na ji ba kujera nake ja ba, motar nake ja. Daɗin da na ji a lokacin, ban ji irinsa ba tun ranar da na mayar da rediyon Baba ya yi magana. Saura wutsiya, ita kam har lokacin ba mu san inda za ta ba. Ana idar da la'asar na koma gareji.

Suna nan ba su watse ba, kuma ba a koma maganar lagireto ba. Na nuna musu kunnuwan, na cire na mayar a gabansu, kowa ya karɓa ya gwada don ya ji ƙarar nan da kunnensa. Injiniya ya fi kowa daɗewa a kai, ya cire ya mayar, ya cire ya mayar, yana gyaɗa kai, ya ce shekarunsa nawa yana cire kujerun baya yana ganin ƙarafan nan bai taɓa tambayar kansa aikinsu ba. Alhaji kuwa wutsiyar ya riƙe yana jujjuya ƙugiyar. Sai ya ce in buɗe but. Ya leƙa, ya nuna wani zoben ƙarfe a bayan majinginar kujera, ya ce akwai irinsa sak a motarsa, nan yake ɗaura igiyar akuya idan zai kai ta kasuwa, har yana yaba wa Turawa da suka yi tunanin masu dabbobi. Hedimasta ya tofa yawu a yatsa ya goge wata 'yar roba da ke gefen zoben. Hoto ya fito, ɗan mitsitsi: kujerar yaro, da igiya ta zagayo ta baya da ƙugiyarta.

Muka zuro wutsiyar ta saman majingina, ta faɗa zoben kamar da ma jiranta yake, muka ɗame. Alhaji ya koma kan benci ya zauna, ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru akuyata tana tafiya a ɗaure, jikokina suna tafiya a sake." Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don a yi dariya ya faɗa ba.

Aka aika kasuwa aka nemo mai kankana, muka zaɓi wata, Alhaji da kansa ya ƙwanƙwasa ya ce wannan ta fi ta farko nuna, kada wani ya kawo zancen banza. Aka ɗaure ta a kujera. Wannan karon ba wanda ya kawo maganar hula. Na yi gudun da ya fi na ɗazu, na taka birki har taya ta yi kuka. Hedimasta ya ce kujerar ko rusunawa ba ta yi ba. Muka fito da kankana lafiyarta ƙalau, Injiniya ya kawo wuƙa, ita kam mun sha ta har da mai sayar da ita. Abin da na gani bayan nan har yau yana sa ni murmushi: manyan mutane masu furfura, kowa ya tafi motarsa ya buɗe ƙofar baya ya duƙa, hannu cikin tsagar kujera yana lalube. Alhaji ya samu nasa. Hedimasta bai samu ba, motarsa ta tsufa da yawa, ya ce ita tun kafin Turawa su fara son 'ya'yansu aka ƙera ta.

Washegari muka kama hanyar Kano. Yarinya ta yi kuka da aka ɗaure ta, ta yi ta banƙarewa tana kiran sunan duk wanda ta sani, kafin mu wuce Ɗambatta barci ya kwashe ta. Uwarta tana gefenta, ta ɗaura bel ɗin da muka tono, ta saukar da shi ƙasan ciki yadda ma'aikaciyar awo ta taɓa nuna mata. Ba abin da ya faru a hanya, ranar ko bayanta. Ban taɓa samun ranar da zan ce ga shi kujerar nan ta ceci ranta ba, kuma ina roƙon Allah kada ya nuna mini. Matata ta sauka lafiya, aka sami namiji, da ya yi wayo shi ma ya gaji kujerar. Rigar kujerar baya kuwa har na sayar da motar a farke take. Injiniya bai daina faɗin kalmarsa ba, amma yanzu kafin ya jefa abu a bokiti yakan ɗan tsaya ya jujjuya shi, idan kuma ya manta, akwai mai tuna masa da kankana.

Abin da ranar ta koya mini bai wuce wannan ba: abin da ban gane ba, ban ƙara yanke masa hukuncin cewa ba namu ba ne, sai na nemi dalilin da ya sa aka yi shi. Kuma abin da ya daɗe yana riƙe mini buhu bai zama shaida a kan abin da ba ni da madadinsa ba, don buhu ko ya bugu ba ya faɗa.

Da na kai nan a labarin, 'yata ta tambaye ni ina hular. Na ce ta tambayi uwarta. Ta shiga ciki, jim kaɗan ta fito da ita a hannu, ashe tana ƙasan akwati duk shekarun nan, tare da safar nan mai agwagwa. An wanke hular ya fi a ƙirga, amma daga sama, inda saƙar ta haɗu, ruwan ɗorawar bai koma daidai ba. Ta ɗora ta a ka, ko rabin kan ba ta rufe ba, tana dariya tana cewa in duba. Na duba. Na ce ta yi kyau, amma ta cire ta mayar wa uwarta.